Itacen da Aka Dafa Sadakar Baba Ɗan'ige

Ina bakin tashar Tsafe ina jiran fasinja a kan babur aka bugo mini waya cewa Baba Ɗan'ige ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kama hanyar Kucheri ban tsaya ɗaukar kowa ba.

Ba shi ya haife ni ba, amma shi ya koya mini kiwo, da shi kuma na fara raka shanu Kudu a babbar mota. A wata tafiya, bayan an sauke shanu, ya ja ni wani daji a bakin teku da aka hana farauta da saran itace. Mun taka gadar katako a kan ruwan gishiri, itatuwa tsaye a kan saiwoyinsu kamar masu tattare wando. Wani zalɓe ya sauka dab da mu, ko kallo ba mu ishe shi ba. Baba ya dube shi ya ce, "Haka Allah Ya yi su. Mu muka koya musu gudu."

Tun daga nan ya hana gatari da danƙo kusantar tsamiyoyin bakin tafkin gonarsa. Mutane suka riƙa tsokanarsa da Sarkin Balbela, yana amsawa da murmushi. Shamuwa ta dawo tana sheƙa a wurin duk gabanin damina. Yakan ce, "Baƙi ne, a gonata suka sauka."

Da Baba ya kwanta ciwo, abin ya tsananta, a gabana ya riƙe hannun babban ɗansa, Yaya Sani, ya roƙe shi kada a taɓa itatuwan. Yaya Sani ya yi alkawari har da hawaye.

Ranar sadakar uku na zaga ta bayan gidan inda ake girki, na tarar da ɗanyen itacen tsamiya yana hayaƙi ƙarƙashin tukwane, da farin kashin tsuntsaye a jikin ɓawonsa. Na tambayi Yaya Sani a hankali. Ya ce, "Ƙanena, mai hanawa ya tafi, jama'a kuma sai sun ci."

Na zauna an yi addu'a da ni, amma ban iya sa hannu a tuwon ba. Da yamma na je tafki, balbelu na ta kewaya kututturen tsamiyar da aka sare, sun rasa wurin sauka.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yi masa inuwa kamar yadda ya yi wa marasa baki. Allah Ya ba matarsa Inna da 'ya'yansa haƙuri, Ya tuna musu alkawarin da aka ɗauka a gaban Baba, tun sauran tsamiyoyin suna tsaye. Amin.