Bip Biyu Daga Arewacin Mayahi

Mun tashi da asuba daga Tasawa, mu uku: ni, da ƙanin maigidana, da direban wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da aka ba mu aro. Wannan ce tafiyata ta farko tun da na fita takaba. Ku da muka saba hira a nan kan jakar aiki da abin da ya kamata ma'aikaci ya riƙe a cikinta, kun ji ni shiru kwana biyu. Malam, maigidana, Allah ya yi masa rasuwa da farkon damina. Na ga saƙonninku, na gode.

Malam mai gyaran fanfon sola ne. A ƙauyuka da dama na Tasawa da Mayahi, in kun ɗaga kai kun dubi shato, wato babban tankin ruwan gari, za ku ga lambar wayarsa da jan fenti. Ƙaninsa a hannunsa ya koyi aikin, kuma shi ya ci gaba da shi. Ya sha tambayata jakar aikin da wayar, cikin ladabi, ni kuwa sai in ce a bari a kwana biyu. Ina sa wayarsa a caji kullum kamar mai ita zai dawo ya ɗauka. Muryarsa tana ciki, a saƙonnin da ya aika wa mutane. Wanda ya kira sai in sanar da shi, in ba shi lambar ƙanin.

Akwai lamba ɗaya da ba ta kira, sai bip. Kun san bip, a kira a katse kafin ka ɗauka, aikin wanda ba shi da kredi, wato kuɗin kira. Kullum bayan sallar asuba sai ta yi sau biyu. Malam ya ajiye ta da sunan "Goggo mai makulli". Na ɗauka ta'aziyya ce irin ta mai ƙaramin ƙarfi, nakan ce amin a zuciyata. Ranar da na faɗa wa ƙanin, sai da ya ajiye kofin shayinsa.

"Madam, sau biyu kika ce? Ai Yaya ya yi da mutanen ƙauye, ɗaya gaisuwa, biyu fanfo ya tsaya. Mutane na can na shan ruwan tabki, ke kina nan kina amsa gaisuwa!"

Muka kira lambar, a kashe. Muka sake da yamma, a kashe. Ya ce ya san garin, yana can arewa wajen Isawan, in ba shi jakar ya tafi. Na ce ƙafata ƙafar jakar. Na nemi hutun kwana biyu a likita, wato asibitin da nake aikin awon ciki, aka ba ni.

Hanyar Mayahi ba ta canza hali ba. Direba yana kauce wa rami ya faɗa wa yayansa. Gonaki dama da hagu sun faɗi abin da rediyo ke faɗa: ruwa ya ɗauke hatsi yana fidda kai, karan gajere, wasu ba su ma wahalar da kansu da yanka ba, sun saki dabbobi a ciki. Rumbuna da yawa bakinsu a buɗe. Masu sayar da esans, wato fetur, na kwalba a bakin hanya sun ragu, wanda ya rage kuma kuɗinsa sai ka yi salati. Direba ya ce tun da sojoji suka karɓi mulki aka yi ta fama da rufe iyaka, motarsa ta koyi azumi.

A shingen jandarmomi aka tsayar da mu. Bayan an duba katin shaida, ɗaya ya nuna jakar da ke kan cinyata ya ce in buɗe. A nan na fara ganin cikinta sosai, domin a gida ban iya ba.

Jaka ce ta tamfol, ruwan ƙasa, madaurinta an sake ɗinke shi da zaren buhu. Aljihun gaba na wuta ne: batirin ajiye caji babba, wayar caji guda biyu kowace an naɗe ta an ɗaure da robar tayar keke, da ƙaramin panno na sola mai ninkewa kamar sallaya. Wanda ya zauna Tasawa lokacin da kuran, wato wutar lantarki, ke zuwa kamar baƙo ya san dalilin wannan aljihu. A tsakiya akwai ma'aunin wuta a cikin tsohuwar safa, kiloli ƙanana na kwance ƙusa, filaya, salatif baƙi, da fitila mai ɗaurawa a goshi. A gefe kuma ƙaramar waya mai maɓalli da layin wani kamfani daban, don inda rezo, wato sabis na waya, na wannan ya ƙi na wancan ya yi. Can ƙasa, ƙullin dabino, allura da zare, da asuwaki. Ba abin da ke yawo a ciki, kowane da ɗakinsa.

Jandarman ya ɗaga ma'aunin wuta ya dube ni. "Hajiya, ke ce injiniyar?"

"Ni mai gadin jaka ce. Ga injiniya can yana hamma."

Ya yi dariya ya mayar da abin cikin safarsa, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Mun shiga Mayahi hantsi ya ɗaga. Kafin gari an ratsa kwarin goriba, mata a gindin itace suna saƙar tabarmar kaba, hannu na aiki baki na aiki. Muka karya da ƙosai da kunu wajen wata mata kusa da tasha. Ƙosanta ya ƙanƙance, ita da kanta ta ce wake ne ya yi girman kai bana. Na tambayi kuɗin tiyar hatsi don in kwatanta da Tasawa, na tarar duk kanwar ja ce. Na sayi goro da sukari na gaisuwa. Ƙanin ya ɗaura buhun kayan gyara da kyau, har da wata na'urar fanfo mai tsada da ya karɓo a Maraɗi, yana ta lissafin abin da zai iya lalacewa.

Daga Mayahi zuwa arewa kuwa sai rairayi. Itatuwa suka yi ta raguwa, sai aduwa da sabara nan da can. Mun haɗu da garken shanu suna gangarowa kudu tun lokaci bai yi ba, ƙasusuwan kwankwasonsu a waje. Motarmu ta kafe a wani tudu, direba ya rage iskar tayu, wasu makiyaya biyu suka taya turi. Ɗayansu yana da ƙaramin panno ɗaure a bayan jakinsa, waya na caji a cikin salka busasshiya. Na ce a raina da Malam yana nan da ya tsaya sun yi rabin awa suna kwatanta kaya.

Muna hango shaton garin bayan azahar, ƙanin ya miƙa wuya ta taga. Muka matso. Mata ne a layi da jarkoki, ruwa na zuba daga kowane baki, yara na wasa da laka. Direba ya kashe mota ya kwantar da kai a sitiyari yana dariya.

"Injiniya, ga gawar da muka zo jana'iza tana rawa."

Goggo mai makulli tsohuwa ce gajera, makullan fanfon a wuyanta da igiya, ita ke buɗewa ta rufe. Ta taho tana dogara sanda. Ba ta dube mu ba, jakar ta duba.

"Lale, lale. Ga jaka, ina mai jaka? Ko ya tsaya gun maigari?"

Na yi ta shirya maganar nan tun daga Tasawa, amma da lokacin ya zo sai ta gudu. Ƙanin ne ya durƙusa ya ce, "Goggo, sai haƙuri. Yaya ya riga mu gidan gaskiya tun farkon damina. Wagga ita ce iyalinsa."

Ta yi salati ta zauna a kan bakin siminti. Daga baya ta kama hannuna ta riƙe, ta ce, "Ɗiyata, ya haƙuri?" Na ce da godiya. Matan layi suka ajiye jarkoki suka zo ɗaya bayan ɗaya. Labari bai iske su ba sam. Garin ba rezo, kuma Malam ba ya zuwa sai in an kira shi.

A gidanta aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura mai nono da yawa hatsi kaɗan, ta ba da haƙuri a kan hakan, ni kuwa ta yi mini daɗi ƙwarai. A nan ta warware mana zancen bip. Akwai tudu a gabas da gari, nan kaɗai waya ke kamawa. Kullum in ta yi sallar asuba sai ta hau, ta kunna waya, ta yi wa Malam bip ɗaya. Shi kuma ya mayar mata da ɗaya. Sai ta kashe don kada caji ya ƙare, ta sauko ta buɗe fanfo.

"Tun da ya haɗa muna ruwan nan bai taɓa bari na sauko ba amsa ba. Da na ji shiru, na ce ko bai ji ba. Sallama in ba a amsa ba ai sakewa a kai."

"Goggo, ai biyu fanfo ne!" in ji ƙanin.

"Kai tafi can. Fanfo ya mutu in tsaya bip? Amalanke zan hau har Tasawa in jawo shi da kunne."

Har ni sai da na yi dariya. Nakan ga Malam in ya dawo masallaci ya tsaya a tsakar gida yana danna waya kafin ya shigo. Ban taɓa tambaya ba, na ɗauka agogo yake dubawa.

Da la'asar ƙanin ya ce tunda an zo bari ya duba. Tafiyar ba ta tashi a banza ba: akuya ta fara cin rigar wata waya a bayan pannonin, wani mahaɗin bututu kuma yana ɗiga. Yana saman tsani ya ce, "Madam, miƙo mini salatif." Na tsaya ina lalube. Sai na miƙa masa jakar gaba ɗaya. Ya rataya ta a kafaɗa, ya zura hannu ba tare da ya duba ba, ya fito da abin da yake so. Haka ya yi ta yi har ya gama, hannunsa ya san kowane aljihu. Ina tsaye a ƙasa ina kallo, makiyaya na shayar da shanu a kwami, na ga wata huɗu da wani abu na riƙe kayan aiki ina kallonsu kamar hoto.

Da ya sauko ya dubi lambar Malam a jikin shato, rana ta cinye rabinta. Ya yi ta juya gwangwanin fenti a hannu kafin ya ce, "In goge in sa tawa?"

Na ce, "A'a. Bi kanta ka ƙara mata ja. Lambar tana nan, kai za ka riƙe."

Ya hau ya bi ta lamba ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta matso ta tambaya, gobe in ta hau tudu wa zai amsa. Ya ce shi. Ta ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Kana tashi da asuba kuwa? Idon nan naka na masu barci ne."

Mun kwana a garin, ni a ɗakin Goggo. Da safe ta ba ni cuku da ƙullin kuka, na ƙi, ta ce in na ƙi ta yi fushi. A Mayahi muka tsaya rumfar wani mai caji, wayoyi jere a gabansa kowace da lamba a jikin salatif. Na sayi kart memwar, ɗan katin ajiya na waya, ya kwashe mini saƙonnin muryar Malam da hotunan yara ya zuba a ciki, ya gwada a wayata na ji sun fito. Bai tambayi ko muryar wa ce ba, na ji daɗin haka. A nan bakin rumfar na miƙa wa ƙanin wayar da abin cajinta.

Abin da na koyo, ga shi a taƙaice, ko zai amfani wata. Jakar aiki ba yawan kaya ba ce, sanin wurin kowane abu ne, har hannu ya same shi ido na wani waje. Ku riƙe layi biyu in kuna shiga daji, da abin caji wanda bai dogara da kuran ba. Abin da ke na gida a wayar aiki, ku kwashe shi gefe tun kuna da lafiya, don kada wanda kuka bari ya rasa yadda zai raba su. Kuma in akwai wata alama tsakaninku da mutanen da kuke wa aiki, ku faɗa wa wani a gida. Tsohuwa ta yi damina guda tana hawa tudu tana sallama, mu muna jin ta, ba wanda ya san amsar.

Mun iso Tasawa kafin magariba. Ƙanin ya sauke ni a ƙofar gida, ya wuce da jakar a kafaɗa, an riga an kira shi daga wajen Korgom. Ƙaramar ɗiyata ta tarye ni a zaure, ta karɓi cukun, ta leƙa bayana ta dubi hannuwana.

"Mama, ina jakar Baba?"

Na ce mata ta koma aiki.