Rakiya Har Bakin Bahar

A ƙauyenmu, kudu da Sinja, magidanci ba ya fita haka kawai. Ko gona za shi, ko kasuwa, ko gaisuwar mutuwa. In aka gan ka zaune bakin ruwa kana kallon tsuntsaye, kafin la'asar an ce jarinka ya karye. Ni kuwa dillancin riɗi da dawa nake yi, sana'ar da suna ne rabin jarinta, ga shi tun ina saurayi Allah ya ɗora mini son kallon halittu. Sai na raɗa wa kowace fita suna.

Idan gauraki suka sauka a fadamar da Bahar, babban koginmu, ke bari bayan ya janye, sai in ce za ni gaida surukai, don daga nesa ake tsayawa, a rage murya. Bin tarakta lokacin huɗa don ganin balbelu, wannan cin kasuwar farare ne. In an ɗauke ruwa kwaɗi suka kaure da gardama, na tafi sauraren shari'a ke nan. Kowa ya san abin da nake nufi, amma tun da abu ya samu suna, ya zama aiki. Matata ma takan ce, "In ka je ka ce ina gaishe su."

Yayana ne kaɗai bai taɓa yi wa abin dariya ba. Manomi ne, ya daɗe yana riƙe da hawasha, gonar ban-ruwa, a wajen Managil. Ciwon ɓarin jiki ya kama shi, aka dawo da shi gida yana jan ƙafar hagu. Likita ya ce in bai riƙa takawa kullum ba, ƙafar za ta mutu gaba ɗaya. Shi kuwa ya kafe ba mai ganinsa yana tafiyar agwagwa. Ya shige ɗaki. 'Ya'yansa suka yi lallashi har suka gaji.

A ciniki na koyi cewa wanda ya ƙi tayi, ba a maimaita masa, ta wata ƙofa ake ɓullowa. Yaya bai taɓa barin baƙo ya fita gidansa ba rakiya ba. Kuma a wurinmu mai rakiya ba ya juyawa sai baƙo ya ce masa ya koma.

Na sa farar jallabiya, na naɗa rawani, na yi sallama daga zaure kamar wanda ya zo daga Damazin. Aka kawo jabana, wato gahawa, na sha. Da na gama na miƙe, na tsaya.

"Me kake jira?" in ji shi.

"Rakiya, Yaya."

"Yaushe ka zama baƙo, ja'iri?"

"Tun da aka ba ni gahawa a finjalin baƙi."

Ya harare ni, ya ja tsaki, ya laluba sandarsa. Ranar a bakin zaure na sallame shi. Washegari na dawo da rawanina, na ɗauko zancen riɗin bana, na yi kamar na manta da sallamar har muka wuce masallaci. Yana haki yana zagina ƙasa-ƙasa, amma bai juya ba. Mutane suka gan shi, ba wanda ya ce komai sai "Sannu, Alhaji, rakiya aka yi?" Ya ga ashe fitar tana da dalilin da ba abin kunya ba ne.

Haka na riƙa jan igiyar, wata rana in ci riba, wata rana ƙafar ta ƙi mu tsaya kusa. Bayan kaka, wata safiya, muka ratsa gabaruwa muka ɓulla bakin Bahar. Gumi ya jiƙa masa riga. Na ce, "To Yaya, ka koma haka nan, na gode."

"Yi mini shiru, za ka tashe shi."

Zalɓe yake kallo, tsaye cikin ruwa a kan ƙafa ɗaya, ya naɗe ɗayar. Ya daɗe yana dubansa.

"Wannan ma likita bai kyauta masa ba," ya ce. "Gobe ka zo da wuri mu zo dubiya. Kuma ka bar rawanin nan a gida, ka ishe ni."

Da za mu koma na nufi hanyar bayan gari. Ya nuna ta kasuwa da sandarsa, ya shige gaba.