Safar Ranar Lahadi

Akwai wata Laraba da ko tsufa ya kwashe min komai ba na jin za ta fita daga raina. Damina ce, ta shekarar da ruwa ya yi mana rowa da farko har masara ta fara naɗe ganye, sannan da ya tashi zuwa ya zo kamar da bakin ƙwarya. Kowa a ƙauyenmu na gefen Tiga fuskarsa a sake, ana ta gashin masara da dahuwar gyaɗa. Ni ma ina dariya tare da mutane, amma rabin zuciyata tana wani gida a bayan Kwanar Dangora, inda muka kai ɗana na fari.

Lokacin ya haura shekara talatin. Masunci ne kamar mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, har larurar taɓin hankali ta same shi. Ya daina barci, ya koma hira shi kaɗai. Mun yi na gida, mun yi na asibiti, sauƙi ya zo ya koma. Ranar da Fulani makiyaya suka dawo mana da shi daga bakin dajin Falgore, ƙafa duk ƙaya, ranar dangi suka yanke shawarar a kai shi gidan da ake kula da manya masu irin wannan larura, a riƙa ba shi magani a kan lokaci.

Sai na gaya muku wani abu game da mu, don ’yan yanzu ba lallai su gane ba. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta zura masa ido, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana ce min Yaya kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ni kuwa “yaron nan” nake cewa, ko da gemu ya fito masa. Da za a kai shi gidan aka ce a rubuta sunansa a jikin kayansa. Na iya rubutu, don ajin yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba, amma hannuna ya ƙi. Sai na ɗauko jan zare na yi wa kowace riga ɗan ɗinki a bayan wuya.

Lahadi ce ranar ziyara. Mukan je ni da ƙanwarsa, mu tarar da tsakar gida a share, an yayyafa ruwa, turare na tashi. Shi kuma kullum yana zaune a kan benci, wanka fes, riga a goge, har da farar safa a ƙafarsa. Ni sai in zauna a ɗan nesa in ba shi gefe, ƙanwar ce mai hirar. In zan yi tambaya ita nake wa: “Ce masa yana cin abinci?” Ya ce, “Alhamdu lillahi.” In gaida ma’aikaciyar da ke kula da su, in ce yaya masu jiki, ta ce da sauƙi. A hanyar gida har yabo nake yi: “Kin ga gidan nan, har safa suke sa musu, kamar ’yan boko.” Ban taɓa tambayar kaina me ya sa a makonnin baya ya daina tashi ya raka mu bakin ƙofa ba.

To, ranar Larabar nan suna za ni Tudun Wada, ’yar ƙanwata ce ta haihu. Muna isa Kwanar Dangora motar ta yi tari biyu ta mutu. Direba ya buɗe gaba ya leƙa, ya ce sai an je Kano an samo wani ƙarfe. Fasinja suka hau faɗa. Ni da ban iya faɗa ba na dubi ƙullin dafaffiyar gyaɗar da ke hannuna, na ce ai gidan nan ba nisa. Na tare ɗan acaɓa.

A jikin ƙofar an rubuta da fenti cewa ziyara Lahadi ce kawai. Na karanta tsaf, sannan na yi kamar ban taɓa shiga aji ba. Mai gadi ya tafi sallar azahar ya bar ƙofar a sakaye, na tura na yi sallama.

Sai na ɗauka ɓatan hanya na yi. Ruwan sama ya kwanta a tsakar gida, kwanonin safe suna zube ƙuda na bi, mutane zazzaune a gindin bango, wasu ba riga. Bencin da na sani an kife shi an shanya tsumma a kai.

Wani dattijo ya taso da fara’a. Na san shi da gani, tsohon direban mota ne, har a cikin larurar tasa lodi yake yi. Ya ce, “Hajiya sannu da zuwa. Doguwa ko Kano? Saura mutum ɗaya mu tashi.”

Na ce, “Baba, yau na sha mota, a ƙasa zan tsaya.” Na miƙa masa gyaɗa. Da ya sunkuya zai karɓa sai na hango jan zarena a bayan wuyan rigarsa.

Na ce, “Baba, wannan riga ta yi maka kyau.”

Ya ce, “Ta masuncin ce. Shi ai ba ya fitowa yanzu, me zai yi da riga? An kai shi gareji.” Ya nuna ɗakin ƙarshe da haɓa. Sannan ya rage murya kamar mai faɗar sirrin tasha. “Tayarsa ce ta fashe. Ranar Lahadi ake sa mata sabuwar roba a turo shi kan benci tun kafin ku zo.”

Na nufi ɗakin. Warin ne ya fara tarar ni. Yana kwance a kan tabarma, ya juya wa ƙofa baya, ƙafarsa ta dama a naɗe da tsumma, ta kumbura har idon sawu. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman wanda zan ce wa “ce masa”, babu kowa. Daga ni sai shi.

Na buɗe baki na kira sunansa. Rabona da jin sunan a kusa da harshena tun yana cikin zanen goyo, shi ma a zuci. Ya fito min kamar na aro shi.

Ya juyo a hankali ya dube ni. Can sai ya yi murmushi. “Yaya, ashe kin san sunan?”

Na ce, “Ina ɗaki ina ji aka raɗa shi.”

Dariya ta kama shi, ni ma ta kama ni, hawaye na zuba. Na durƙusa na kwance tsumman. Tsinin tsohon kwanon rufi ne ya yanke shi a bayan gida, kusan wata guda ke nan. An shafa masa jan magani sau biyu, daga nan aka manta.

Na ce, “Me ya hana ka faɗa?”

Ya ce, “Wa zan gaya wa? Ke in kin zo bango kike gaisarwa. Kuma in an ce yaya jiki, ai da sauƙi ake cewa.”

Gaskiya ya faɗa.

Ma’aikaciyar ta shigo da gudu, tiren magani a hannu, zufa na keto mata. Ba muguwa ba ce, na gane haka daga idonta. Ita da wani mutum ɗaya ne a kan gidan gaba ɗaya, ga rabon magani, ga wanki, ga girki in mai girki ba ta zo ba. Ta ce ta sha faɗa wa mai gidan zancen ƙafar, yana cewa za a duba. Na ce ta kai ni wurinsa.

Na same shi a ofis yana latsa waya. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali da aiki da ruwan sama, don ba a haife ni da ɗaga murya ba. Ya amsa a gajarce ya ce, “Hajiya, yau ba ranar ziyara ba ce.”

Na ce, “Na gani a rubuce, ranka ya daɗe. Sai dai shi ciwon ba ya jiran Lahadi. Ina roƙon ka taso ka ga ƙafar ɗana.”

Ya ajiye wayar. “Ɗanki? Mu duk zatonmu ’yar rakiya ce ke. Yarinyar nan muka ɗauka ita ce tasa. Ban taɓa ganin kin ko kalle shi ba.”

Wannan magana ta fi warin ɗakin shiga min rai. Kunyar da nake taƙama da ita, su a wurinsu ta nuna mutumin nan ba shi da mai bin kadinsa sosai. Na ce, “To yau na kalla.”

Ya taso. Da ya ga ƙafar sai ya ɗauko makullin motarsa. Muka tallabo shi muka sa a baya, dattijon nan na gefe yana buga murfin motar yana cewa, “Ta cika, direba ja mu je.” A asibitin Kiru aka wanke ciwon, aka yi masa allura. Wanda ya duba shi ya ce Allah ya taimake mu da muka zo yanzu, da an ƙara ɗaukar lokaci da maganar ta wuce wanki.

A hanyar dawowa zuciyata ta ce in wuce da shi gida. Amma na tuna Falgore, na tuna ruwan dam da ke bayan ɗakinmu, na kuma ga yadda maganin da ake ba shi a kan lokaci ya sa har yana tsokana ta. Gidan yana da amfaninsa. Ido ne babu a kansa. Sai na bari aka mayar da ɗana can. Daga baya na bi iyayen wasu da nake gani ranar Lahadi, na Bebeji da na Doguwa, muka shirya kowa ya riƙa faɗowa ranar da ya ga dama. Ba a rufa shekara ba aka ƙaro ma’aikata, aka shafe rubutun ƙofar. Sunan Tudun Wada kuwa har yau ’yar ƙanwata tana min gorin ban je ba.

Abin da na koya shi ne, duk wanda ka ba amanar mara lafiyarka, yana kallon yadda kai kake kallonsa. In ka tsaya a gaisuwa, gaisuwa za a ba ka. Kunya tarbiyya ce, ban yar da ita ba, amma na gane ba a yin ta da wanda ba ya iya faɗar inda ke masa ciwo.

Daren Larabar nan a gidan wata ’yar uwa na kwana a Kwanar Dangora. Da gari ya waye, Alhamis, na sayi sabulu da reza da kunu mai zafi, na koma. Mai gadi ya tare ƙofa ya ce, “Hajiya, wurin wa kika zo?” Na faɗi sunan da ƙarfi yadda na tsakar gida za su ji, na ƙara da cewa, “Ɗana ne.” Na shiga na tayar da bencin, na tallabo ɗana na zaunar a kai, na zauna daf da shi, na ɗora lafiyayyar ƙafar a cinyata na fara yanke masa farce.