Abin da Suka Kira Jazba

Ɗana na biyu bai taɓa ce mini Inna ba. A lokacin da abin nan ya faru ya kai shekara bakwai, yana ci, yana gudu, yana iya jera murafen kwalba daga bakin ƙofa har gindin rumfa ba tare da ko ɗaya ya karkace ba, amma magana babu. Wata likita a nan Gadarif ta ce sunan abin tawahhud, kuma allura ba ta maganinsa, sai haƙuri da koyarwa. Matan unguwa kuwa kowace ta san wani malami a Basunda da ya taɓa warkar da irinsa. Yaron ya sha rubutu har cikinsa ya gaji. Mahaifinsa yana aiki a manyan gonakin riɗi, daga shuka har yanka ba ma ganinsa, saboda haka ni ce da shi dare da rana.

Babbar wahalarsa kunne ce. Idan raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, ta danna oda a bakin gida, sai ya toshe kunnuwansa, ya dinga juyi a wuri ɗaya, ya ciji wuyan hannunsa, yana wani siririn kuka da ba ya tsayawa. Maganin kawai a naɗe shi da mayafi a rungume shi tsam har jikinsa ya saki. Duk danginmu sun san haka. Yayana ya fi kowa sani, domin ranar da maƙwabta suka kunna lasifikar biki, shi ya warware rawaninsa ya naɗe yaron, ya zauna da shi a ƙuryar ɗaki har aka kashe.

Yayan nan nawa baduku ne a kasuwa, yana ɗinka takalma, kuma shi ne jagoran masu madihu na zawiyarmu, wato masu begen Annabi da bandiri. Muryarsa tana da daɗi, kuma ya san tana da daɗi. Kowace Alhamis bayan la'asar sukan taru a tsakar gidana su yi bita, don rumfata ta fi tasa faɗi. Da farko na ji tsoro, amma bandiri bai dami yaron ba. Yakan zauna nesa kaɗan, ya ba su baya, yana jera murafensa.

Wata Alhamis ina tuyar kisra, wainar dawar nan mai faɗi, sai na ji wata murya ƙarama ta karɓi amshi tare da maza. Na ɗauka yaron maƙwabta ne. Da na leƙo, sai na ga bakin ɗana yana motsi, bayansa har yanzu a juye, hannunsa na kan murafe. Kalmar farko da ta fito daga bakinsa a duniya sunan Manzon Allah ce. Kisra ta ƙone, ni kuma na tsuguna a bakin murhu ina kuka ina godiya.

Yayana ya zo ya tsaya a kaina, idonsa shi ma ya cika. Ya ce, “Ya uhti, ƙanwata, yaron nan mabruk ne, mai albarka ne. Allah ya rufe bakinsa ga zancen duniya, ya buɗe shi ga yabo.”

A nan garin mabruk ake ce wa yara irinsa idan ana so a yi wa uwa kara. Na sha jin kalmar a bakin mutane kuma na san abin da ke ƙarƙashinta. Amma a bakin Yaya, a ranar, na karɓe ta hannu biyu.

Daga nan na gano dabara. Idan na ɗora magana a kan karin begen, yana ji. Na fara rera masa zo ka ci, zo ka yi wanka, duk da karin. Ni da ko a biki ban taɓa buɗe baki ba, na zama zabiyar tsakar gida, 'yata babba tana yi mini dariya. Bayan wasu watanni ya tsaya gaban randa ya rera mini “ruwa”. Daga baya ya ƙara “buɗe”. Na san ta wannan hanyar ce kalmar “Inna” za ta zo, kuma na ga ta kusa.

Da watan Maulidi ya kama, wani mai gona a Ƙala'at an-Nahal ya gayyaci su Yaya. Ya zo ya zauna a kan tabarmata, ya sha shayina, ya ce zai tafi da yaron.

Na ce, “Yaya, ka san kunnensa.”

“Na sani mana. Ƙaramin zama ne a gida, babu makarafon.”

“Kuma kada kowa ya taɓa masa kai.”

Ya dafa wuyansa ya ce, “Halas, shi ke nan, amana ce a wuyana. Ke kina ganin zan bari wani abu ya sami ɗana?”

Na wanke masa farar jallabiyarsa, na zuba murafensa a aljihu, na raka su tasha.

Washegari da hantsi suka dawo. An ɗaure wuyan hannun yaron da tsumma. Yaya ya ce gajiyar hanya ce, ma'alesh, a yi haƙuri, yaron ya ciji kansa a mota. Ko zama bai yi ba, wai kasuwa. Yaron ya ƙi abinci. Na rera masa zo ka ci, ya shige ƙarƙashin gado. Na ɗauka zazzaɓi ne, na kai shi aka gwada jini, aka ce lafiya lau. Alhamis ta zo ta wuce, masu bandiri ba su zo ba, aka aiko mini cewa sun koma yin bita a zawiya.

Maƙwabciyata ce ta shigo da waya a hannu, fuska cike da fara'a. Ta ce, “Mabruk, barka, maƙwabciya, ashe waliyyi kike goyo kika yi mana shiru. Duk gari an gani.”

Ta kunna mini. Fili ne babba da rana tsaka, mutane ba iyaka, manyan lasifika a kan mota. An ɗora ɗana a kan tebur, an kafa masa makarafon a baki. Ya fara amshin, muryarsa ta dawo masa daga lasifika kamar tsawa. Na ga hannuwansa sun tashi zuwa kunne. Na ga ya fara juyi. Yaya yana gefensa, ya dube shi, kuma na rantse da Allah ya gane, don na san fuskar yayana. Rawaninsa yana kansa. Sai ya ɗaga wa masu bandiri hannu su ƙara wuta, ya karɓi makarafon ya sanar wa jama'a cewa jazba ta kama yaron, son Annabi ya ɗauke shi daga hayyacinsa. Aka yi ta kabbara. Maza suka yi ta turereniya suna shafa kansa suna shafawa a fuska, shi kuma yana cizon hannunsa har jini ya ɓata farar jallabiyar. Ashe shi ya sa aka dawo mini da ita a wanke.

Ban san lokacin da na isa kasuwa ba. Na same shi yana huda fata.

Na ce, “Yaya, jazba ce?”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Ke mace ce, me kika sani a kan halin zikiri?”

“Na san halin ɗana. Kai ma ka sani. Dube ni ka ce jazba ce.”

Ya juya basilla a hannunsa. Can ya ce, “Jama'a sun taru, ya uhti. Me zan ce musu? In ce yaron da na kawo ba shi da lafiya? A yi wa zawiya dariya?”

Da baƙo ne ya yi mini haka, da na zage shi na huce. Wannan shi ya goya ni ina ƙarama, shi ya koya mini Fatiha. Na juya na bar shi da takalmansa, kuma har yau ban taka gidansa ba. Mutane suna cewa na raba zumunci a kan albarka. Wasu har ƙofata suke zuwa da jarirai, wai mabruk ya tofa musu, ni kuma in rufe ƙofa.

Ban yi fushi da bege ba, ban yi fushi da wanda ake yi dominsa ba. Shi nake kai wa ƙara kullum. Kalmar “ruwa” dai ta tafi, “buɗe” ma ta tafi. In yaron yana jin ƙishi yanzu, sai ya ja ni da zane zuwa randa kamar da.

Kwanan baya na idar da sallar azahar ina zaune a kan darduma ina salati. Ban ma lura ba ashe karin ya shigo muryata, a hankali, can ƙasa. Sai na ji yaron ya taso daga inda yake. Ya zo gabana, ya dube ni cikin ido, abin da bai cika yi ba, na ce ko yau ce zai ce Inna. Ya ɗaga ɗan tafin hannunsa ya rufe mini baki, ya riƙe har na yi shiru.