Namadi Gummi, Wanda Ya Ƙi Sa Hannu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata 12 ga Afrilu, 1988, Malam Namadi Gummi ya rasu a gidansa da ke Gummi bayan jinyar mako uku. Ni Haladu, da na yi shekara huɗu a ƙarƙashinsa, nake wannan rubutu, raina a ɓace.

Malam, aikinka a ofishinmu na Sakkwato shi ne duba takardar shirin gwaji, wadda ke bayyana yadda za a jarraba tsarin kwamfuta kafin a sake shi ya yi aiki. Jan bironka ba ya jin kunyar kowa. Duk da haka, in ka gama yi wa mutum kaca-kaca da takarda, kai ne za ka aika a sayo masa fura.

Bara aka rubuta tsarin rarraba ɗaliban firamare zuwa sakandare, ni na tsara gwajinsa, shafi talatin, ina ta hura hanci. Ka karanta, ka ɗago kai ka ce, "Haladu, ina Muhammadu na biyu?" Ka tuna mini cewa a wajenmu yaro sunan garinsu yake ɗauka a makaranta, aji guda sai ka sami Muhammadu Zugu huɗu. Ni kuwa sunaye ɗari na ƙaga don gwaji, babu biyu masu kama. Ka ce sai an ga abin da na'urar za ta yi in suna ya maimaitu. Shugabanmu ya ce baƙi na zuwa bikin buɗewa, babu lokaci. Ka ce, "Ba ni sa hannu."

Sai aka kewaye ka. Ni, da ƙafata, na kai takardar wani tebur aka sa hannu. Tir da ni.

Na'urar ta ɗauki duk masu suna ɗaya a matsayin mutum guda. Yara sittin da uku daga Anka, Gummi da Bukkuyum suka ci jarrabawa amma ba su sami gurbi ba. Ofis ya yi gum. Kai ka hau babur a cikin damina, ka bi Gwashi da Nasarawa Burkullu, kana kwafe rajistar makarantu da hannu, har ka maido wa hamsin da biyu gurabensu. Ladan da aka ba ka shi ne takardar gargaɗi, wai ka bar aiki ba izini.

Ranar addu'ar uku sai ga shugabannin ofis da manyan riguna, suna cewa an yi rashin gwani. Wallahi ƙyama ta hana ni haɗa ido da su. Suka shaida wa Hamsatu, mai ɗakinka, cewa wasiƙar ta'aziyyar ofis na tafe. Wasiƙar ba ta zo ba. Na'urar ce ta fitar da adireshi, aka kai wa iyalin wani Namadi Gummi, direba, wanda yake nan da ransa.

Hamsatu ta ba ni littafinka da ka kwafe sunayen yaran a ciki. Sunaye goma sha ɗaya suka rage, gobe zan fara da Zugu.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka makwancinka, Ya ba Inna mahaifiyarka da Hamsatu da yara haƙuri. Ni kuma ban nemi gafararka da ranka ba, Allah Ya yafe mini.