Kwamfutar da Ta Ƙi Sakin Sunan Marigayi

A shekarun da nake kula da kwamfutocin wani biro, wato ofis, da ke fitar wa 'yan kasuwa takardun duwan, wato kwastan, a Gaya, akwai satin da na yi zaton kaina ne ya taɓu. Biron yana kan hanyar gada, inda manyan motoci ke jerawa kafin su haye Malanville. Daga tagar ɗakina nakan ga direbobi kwance a ƙarƙashin motocinsu suna jiran takarda, suna zagin kowa har da ni, alhali ba su ma san aikina ba.

Aikina shi ne tsaron babbar kwamfuta. A cikinta akwai manhajar da ke raba sauran kwamfutocin rukuni-rukuni: na masu shigar da bayanin kaya, na masu karɓar baƙi, da na Alhaji mai biron shi kaɗai. Rukunin da kwamfuta take ciki shi ke ba ta izinin aiki. Wadda ba ta cikin rukunin masu shigar da kaya, ko kwana za a yi ana latsa ta, ba za ta buɗe shafin duwan ba. Alhaji kuma ya hana a sa musu lambobi. Ya ce shi ba gidan kaso ya buɗe ba, kowace a kira ta da sunan mai zama gabanta.

Babban ma'aikacinmu ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Yaya nake ce masa, don shi ya kawo ni biron. Da matarsa ta fita takaba, Alhaji ya ba ta kujerarsa a kan gwaji, tunda ta koyi aikin sakatariya a Dosso kafin aure. Kowa ya san abin da kujerar nan take riƙe da shi. Idan ta zauna daram, 'ya'yanta za su ci gaba da zama tare da ita a Gaya. Idan ta suɓuce, ita za ta koma gidan iyayenta a Tanda, 'yan'uwan mijin kuma su rarraba yaran, don tuni sun fara maganar wa zai ɗauki wa.

Ranar da ta fara zuwa, na buɗe manhajar na goge sunan Yaya na rubuta nata. Ina cikin latsawa aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Ban damu ba, ɗauke kuran ai abincinmu ne. Da ya dawo na duba, ga sunanta nan cikin jerin kwamfutocin biro. Na ce mata bismilla. Ta latsa shafin duwan, ya ƙi buɗewa.

Na shiga rukunin masu shigar da kaya, sai na yi sororo. Sunanta babu, sunan Yaya ne zaune a wurinsa, da koren ɗigo a gefe, alamar kwamfutar tana kunne. Na jawo nata zan saka, manhajar ta ce tana ciki tuntuni. Na kama nasa zan cire, ta ce babu kwamfuta mai wannan suna. To wa ke ciki, wa ke waje? Na kashe komai na kunna. Na sauya waya. Washegari na wanke kwamfutarta tas na sake zuba mata komai, na share yini guda a kai, da na gama sai ga Yaya nan da koren ɗigonsa kamar ban yi komai ba. Raina ya ɓaci har na daki tebur, shayina ya zube a kan wandona.

Ba a jima ba labari ya fita har gindin motoci. Wani direban albasa ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, wai gaskiya na marigayin ya ƙi tashi daga kujera? Ku yi mai sadaka mana." Na kore shi da faɗa. Amma da ya tafi na zauna ina kallon ɗigon, kuma ba zan ɓoye ba, tsikar jikina ta tashi.

Alhaji bai yi maganar fatalwa ba, tasa ta fi tsoratar da ni. Ya tsaya a kan matar Yaya ya ce, "Ɗiyata, ni na so, Allah ya gani. Amma wagga ordinater tun da kinka zamna ta ƙiya. In har Juma'a ta zo ba ta yi ba, sai mu ce Allah bai nufa ba." Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baba." Na buɗe baki zan ce laifin ba nata ba ne, sai na tuna ban san na wane ne ba.

Duk kwanakin nan kullum sai ta zo da sassafe. Ta kunna kwamfutarta, sannan ta zagayo ɗakina ta tsaya a bayana ta ce, "Ƙanena, an samu?" In ce ba a samu ba. Sai ta ɗan daɗe a tsaye kafin ta fita. Na ɗauka matsa mini take yi, har na fara jin haushin takun takalminta. Ranar Laraba ma na ce mata tsayuwa a kaina ba ta gyara na'ura. Ta juya ta fita.

Ranar Alhamis na lura da wani abu da ya ƙara dagula mini lissafi. Idan na bi jerin kwamfutocin da ido daga sama zuwa ƙasa, sunanta nake gani. Idan na sa manhajar ta nemo mini, Yaya take kawowa. Rumbun bayanai ɗaya, amsa biyu. Na kira wani abokina da muka yi karatu tare a Yamai na zayyana masa. Ya yi dariya har na so in kashe waya, sannan ya ce fihirisar rumbun ce ta lalace. Wai manhajar ba ta bin bayanan ɗaya bayan ɗaya, tana da gajeriyar hanyar da take tambaya, kamar yadda mutum zai tambayi kamasho a tasha ina motar Dosso take maimakon ya zagaye tashar. Da aka ɗauke kuran, an rubuta sabon suna a rumbun, amma kamashon bai ji ba. Ya ce in ajiye kwafin komai tukuna, sannan in sa a sake gina fihirisar. Na ce, in ta ƙara lalacewa fa? Ya ce shi ya sa ya ce in ajiye kwafi. Ban gane rabin bayaninsa ba, amma ba ni da wata dabarar.

Kwafin ya cinye mini sauran yinin, kuran yana zuwa yana tafiya. Sai da rana ta ɗaga sosai ranar Juma'a na shirya. Alhaji ya ce zai biyo daga masallaci ya ji inda aka kwana. Matar Yaya ta shigo kamar kullum, na ce mata yau dai ina jin an samu, na nuna mata inda zan latsa.

Ta ce, "In ka latsa, sunan nai fa?"

Na ce zai fita, nata ya shiga.

Ta ƙura wa allon ido. Sai a lokacin na ga inda idonta yake, kuma na gane duk safiyar nan ba ni take zuwa gani ba. Ita ke kunna kwamfutar da hannunta, ta zagayo ta tarar da sunan mijinta ya yi kore, yana bakin aiki.

Ta ce, "Autata ta shiga lakkwal bana, ta fara haɗa baƙaƙe. Na so in kawo ta gobe ta karanta sunan babanta da kanta."

Na ce ko in roƙi Alhaji ya ƙara mana kwana ɗaya? Muka dubi juna, mu duka mun san Alhaji ba ya maimaita magana. Daga nesa ladan ya fara kiran farko.

Ta gyara mayafinta ta ce, "Latsa, ƙanena."

Na latsa. Wani layi ya fara cika a hankali a kan allon, ina ta addu'a kada a ɗauke kuran. Da ya cika na buɗe rukunin. Sunanta ne, da koren ɗigo. Na nemi na Yaya, manhajar ta ce babu.

Ta koma kujerarta, shafin duwan ya buɗe. Kafin Alhaji ya dawo ta gama takardar direban albasan nan, ya karɓa yana ta sa albarka. Alhaji ya duba aikin sama da ƙasa ya ce, "To, ashe Allah ya nufa." Duk biron aka shiga yi mata barka, ni ma aka yi mini. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa, na rasa ko barka zan yi mata ko gaisuwar rasuwa.

Washegari da sassafe na ji takun takalminta. Ta kunna kwamfutarta, ta taho har bakin ɗakina, ta tsaya. Ina jira ta shigo. Sai ta ce, "Ina kwana, ƙanena," ta juya ta koma kujerarta.