Jirgin da Injiniya Haladu Ya Bar Mini Amana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, wadda ta yi daidai da 14 ga Janairu 2025, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran abokina Injiniya Haladu Nasidi Tudun Wada a wani asibiti a nan Doha, bayan jinyar kwana tara ta ciwon zuciya. Shekarunsa hamsin da shida. Washegari muka sallace shi, muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Musaimir. Ya bar matarsa Hajiya Sa'adiyya da 'yarsa tilo Rukayatu, wadda ke shekarar ƙarshe ta karatun injiniya a Zariya, ba ta kuma sami zuwa jana'iza ba. Ni ya bar mini amana guda, wadda saura ƙiris in ɓata ta da hannuna. Yau kwana arba'in, ita ta zaunar da ni rubutu.

Injiniya, da kai nake yanzu.

Shekara shida ke nan da ka shigo kantin maganin da nake aiki a unguwar Bin Mahmud. Ka ji ina waya da Hausa, ka jira na gama, sannan ka ce, "Malam, ƙwaya nake nema wadda take daɗewa cikin ruwa ba ta narke ba." Na tambaye ka abin da ke damunka. Ka ce, "Lafiyata ƙalau. Nakiya zan ɗaure da ita." Wallahi sai da na waiwaya na duba ko wani ya ji. A ƙasar mutane! Kai kuwa ka tsaya kana dariya har da riƙe ciki. Da ka ji ni mutumin Kano ne, ni kuma na ji kai Bazazzagi ne, shi ke nan tsokana ta sami gindin zama. Daga ranar ba ka ƙara kiran sunana ba, sai Bakano.

Ran nan ka kai ni gidanka ka nuna mini nakiyar. 'Yan ƙwallaye ne na katako, ba komai a cikinsu, guda goma sha biyu. Kusa da su, bisa wani dogon tebur a falo, ga jirgin da kake ƙerawa da kwanon aluminiyam, tsawonsa ya kusa na mutum. Aikinka na ofis kula da injinan ƙananan jiragen da ke jan manya zuwa tasha. Wannan kuwa aikin Juma'a da Asabar ne. Ka ce mini kwaikwayo ne na wani jirgin ƙarƙashin teku da Jamusawa suka ƙera a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, mai lamba UC-12. Na dube ka, mutumin da ruwan da ya sani yana yaro bai wuce rafin Kubanni na Zariya ba, na ce a raina, ikon Allah.

Ina iya tuna wasu daga cikin abubuwan da ka faɗa mini, domin ka maimaita su ya fi sau ɗari. Ka ce irinsa goma sha biyar suka yi, cikin gaggawa. Tsawon kowanne kamar mita talatin da huɗu, mutum goma sha huɗu a ciki, injin dizal guda ɗaya tal, kuma idan yana saman ruwa ko mai keke zai wuce shi. Ba a yi shi don ya bi jirgi ya harba ba. Aikinsa ya lallaɓa zuwa bakin tashar abokan gaba ya shuka nakiyoyi ya sulale. A gabansa akwai bututu shida masu karkata, kowanne da nakiya biyu, buɗe ta ƙasa, ruwan teku na shiga yana fita.

Wurin da idonka ke ƙara haske shi ne nan. Ka ce tun a tasha ake saita zurfin da kowace nakiya za ta tsaya, domin da zarar an fita teku babu hannun da zai ƙara kai gare ta. Idan an sake ta, sai ta nitse tare da ƙarfe mai nauyi har ƙasa. Abin da ke riƙe ta da ƙarfen wani ɗan toshi ne mai narkewa a ruwa. Yana narkewa a hankali, jirgi ya sami damar yin nisa, sannan nakiya ta taso bisa igiyarta. Idan ya yi saurin narkewa fa? Ka kan ɗaga gira kawai. Ka ce shi wannan UC-12, a watan Maris na 1916, a bakin tashar Taranto ta ƙasar Italiya, nakiyarsa ce ta tashi da shi, ba wanda ya tsira. Daga baya Italiyawa suka tsamo shi suka gyara suka ci gaba da aiki da shi.

Wannan toshin kake so ka kwaikwaya, shi ya kawo ka kantina. Mun gwada ƙwayoyi iri-iri a bahon wankanka, kai kana durƙushe hannun riga a naɗe, ni ina riƙe da agogo. Mun gwada sukari mai ƙwaya, kafin in ce bismillah ƙwallon ya taso ya bugi cikin jirgin, ka ce, "Khalas, shi ke nan, mun mutu." Mun gwada gishiri, mun gwada alewa. Hajiya tana daga kicin tana cewa manyan mutane biyu da furfura sun ƙarar mata da sukarin shayi. A ƙarshe ita ce ta raba gardama. Ta miƙo guntun kanwar da take miya da ita, ta ce a gwada a bar ta ta huta. Minti goma sha ɗaya kanwar ta riƙe ƙwallon. Ban taɓa ganin ka yi murna irin ta ranar ba.

Na taɓa leƙawa ta ƙofar saman jirgin na ga ƙwallayen dabino a jere, an manne su. Ka ce ba ka son sassaƙa siffar mutum, shi ya sa ka sa ƙwallo goma sha huɗu a madadin mutanen jirgin. Na ce ai maƙasa ne, jiragen da nakiyoyinsu suka nutsar akwai bayin Allah a ciki. Ka ce, "Gaskiya ne, ban wanke su ba. Amma kowannensu uwa ce ta haife shi, kuma wani ne a tasha ya ɗaure abin da ya kashe su."

Haka kake da komai naka. Kullum maganarka ita ce abin da ba a gyara a tasha ba, ba a gyara shi a teku. Shekarar da zan tafi Umra da iyalina a mota, ka zo da sassafe ba wanda ya kira ka, ka buɗe gaban motar, ka yi ta shafa robobi da yatsa har ka gano tiyon ruwa ya tsage ta ƙasa. Ni ina ta yalla yalla, mu tafi, rana tana yi. Ka ce ba inda za ni. Da ya fashe mana a tsakiyar sahara da yara uku, Allah kaɗai Ya san yadda za ta kaya. 'Yan'uwanmu direbobi da masu gadi sun fi ni sanin wannan halin naka. Duk wanda na'urar sanyaya ɗakinsa ta mutu a tsakiyar zafin Yuli, lambarka yake nema, ka je da jakar kayan aikinka, ka ƙi karɓar ko ruwan sha sai ka gama. A maƙabarta na ga fuskoki da yawa da ban sani ba, kowa da nasa labarin.

Amma in faɗi gaskiya, Injiniya, ba duk abin da ka faɗa na saurara ba. Sau da yawa kana bayani ina gyaɗa kai, hankalina yana kan waya. Ka sani, ka kan ce Bakano ba ya jin maganar da ba ciniki a cikinta.

Kwana biyu kafin rasuwarka na same ka a asibiti. Ka riƙe hannuna ka ce, "Bakano, jirgin nan na Rukayatu ne. Tare muka yi lissafinsa ta waya, tun tana sakandare, ba ta taɓa ganinsa a gama ba. Ka kai mata shi yadda Jamusawa suka kai nasu." Na ce insha Allahu. A raina na ɗauka ƙarshen maganar zafin ciwo ne.

Bayan rasuwarka, da yake gidan na wurin aikinka ne, aka sa ranar miƙa makulli, Hajiya kuma ta shirya komawa Zariya ta ƙarasa takaba. Na kira Alidu, wani mutumin Kumasi mai aika kaya daga unguwar Al Aziziya. Ya zagaya teburin sau biyu ya auna, ya ce abu mai wannan tsawo sai an ƙera masa akwatin katako, kuma kwantenarsa ta gaba sai bayan wata biyu, shi ma ba zai yi alkawarin zai isa bai lotse ba. Ya ce in da zai shiga akwatin tafiya, da Hajiya ta tafi da shi kawai. Saura kwana uku. Na rasa inda zan sa kaina. Yarinyar da ba ta ga gawar ubanta ba, in ce mata abin da ya bar mata ma ya tsaya a Doha?

Sai na yi irin tunanin da ka kan yi mini dariya a kansa. Na aro zarton yanka ƙarfe. Na ce in yanka shi uku, can ta nemi mai walda ya haɗa. Da hantsi na je gidan, na auna, na sa alama da biro, na ɗora zarto na ja sau ɗaya. Ƙarar ce ta fito da Hajiya zuwa bakin labule.

"Malam Iliasu, me ya ce maka a asibiti?"

Na maimaita mata.

"To, yaya Jamusawan suka kai nasu?"

Shekara shida ina zama a falon nan, ban sani ba. Kunya ta rufe ni. Hajiya ta ce ita ma ba ta sani ba, amma akwai wadda ta sani. Muka kira Rukayatu. Da ta ji abin da nake shirin yi sai ta yi salati, ta ce, "Baffa, don Allah ajiye zarton nan!" Ta ce a Bremen aka ƙera jirgin, aka kwance shi gunduwa-gunduwa, aka ɗora a jirgin ƙasa, aka ratsa da shi ta tudu har tashar Pola a bakin tekun kudu, can aka sake haɗa shi. Ta ce kai ma haka ka yi naka. In ɗaga katakon da ke shimfiɗe a samansa in gani.

Na ɗaga. Ga notina takwas a wuri biyu, an ɓoye su tsaf, kowanne da lambarsa da rubutun hannunka. Sufanar da ta dace da su tana manne a cikin murfin. Cikin minti goma jirgi ya rabu uku, kowace gunduwa daidai cikin akwatin tafiya, har da sauran wuri na cusa tufafi. Ashe tun ranar da ka fara yanka kwanon farko ka san wata rana zai tafi Zariya, ka gyara komai tun a tasha. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ya isa lafiya, Injiniya. Makon jiya Rukayatu ta turo mini hotonsa a haɗe, a tsakar gidanku na Tudun Wada, ta ce ta ƙirga ƙwallayen dabino sun cika goma sha huɗu. Ta tambaye ni wani zane da ta gani a gefensa, tsawon ɗan yatsa, inda fenti ya kankare. Na faɗa mata gaskiya, haƙorin zartona ne. Na ce ta shafe shi da fenti. Ta ce a'a, za ta bar shi.

Abu ɗaya ya rage yana cina. Me ya haɗa ka da wannan jirgi, cikin duk jiragen duniya? Hajiya ta ce wani tsohon littafi ne ka tsinta kana ɗalibi. Rukayatu ta ce don ka koya mata cewa sakacin mai ƙira rai yake ci. Wataƙila duka biyun ne, wataƙila akwai na uku. Kai da za ka faɗa mini da murna, har da zane a bayan takardar magani, shekara shida kana jiran in tambaya, ban tambaya ba. Ka yafe mini.

Ya Allah, ga bawanka Haladu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya duba wa bayinka hanya kafin su kama tafiya, Ka sauƙaƙa masa tasa tafiyar, Ka sauke shi a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Sa'adiyya, da 'yata Rukayatu, da dangi na Tudun Wada, da abokan aikinsa, da dukan Hausawan Doha. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, amin.

Iliasu Sagiru
Bin Mahmud, Doha